Guɗar Yaya

A gidanmu ni aka ba baki, Yaya aka ba ƙirji. Ni ce auta, ni ce mai tsiwa, wadda ba a faɗa mata ɗaya ba ta mayar da uku ba. Ita kuwa ba ta da yawan magana, amma in ta kama hanci da yatsu biyu ta rangaɗa guɗa a Damagaram, sai matan wata unguwa su ajiye taɓarya su ce, yau kuma ɗiyar wa aka kai? Sai rabo ya kwaso mu ya kawo Faransa, ni a La Courneuve gefen Paris, ita a Minguettes can bakin Lyon, guɗar kuma ta biyo ta. 'Yan Nijar, 'yan Cadi, mutanen Garwa da Marwa, duk mai aurar da ɗiya sai ya kira Yaya. Ta ɗaura sabon zane, ta hau jirgin ƙasa, ta je ta yi musu abin da ta iya, ta dawo da shinkafa a roba.

Sai korona ta kama ta. Ta daɗe a asibiti da robar iska a hanci, mu muna nan Paris ba a bari mu je, sai addu'a da kuka a salula. Allah ya tashi kafaɗunta, amma rabin numfashin bai biyo ta gida ba. In ta tayar da salla sai ta tsaya a tsakiyar Fatiha ta huta. In asansar ɗin da ke hawa da mutane bene ya lalace, kuma a Minguettes lalacewa aikinsa ne, sai ta yini a ɗaki. Ta daina zuwa biki. Na ce, Yaya, ko ba guɗa ai kya je a gan ki. Ta ce, in je in yi me, cin shinkafa?

To akwai yarinyar. Ɗiyata ce ta fari, ban taɓa kiran sunanta ba, ba kuma a nan zan fara ba. Kunyar ɗan fari haka muka tarar da ita, ba mu bar ta a filin jirgi ba. Yaya Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma tun ranar suna ta ɗauki jaririyar ta ce wannan tata ce, in je in haifi nawa. Haka aka yi. Duk hutun lakwal, makarantar boko ke nan, a Lyon yarinyar ke yinsa, ni tana ce mini Mama, ita tana ce mata Inna, kuma kowa ya san wadda ta fi ji da ita. Ban taɓa jin haushi ba. To, sau ɗaya ko biyu.

Wannan yarinya ce ta kawo mana yoga cikin gida. Tana aikinta na ofis, ranar Asabar kuma tana koya wa mata a wani ɗaki na ƙungiyar unguwa a Belleville, saman wani shagon ɗinki. Ni aikina a kicin ɗin wata lakwal ne, ɗaga tukwane da tire tun safe, har bayana ya zama ba nawa ba. Ta ce in zo in gwada. Na ce, ke, ni da girmana in kwanta a ƙasa in ɗaga ƙafa sama gaban 'ya'yan mutane? Kuma na ji an ce abin bautar Indiyawa ne. Ta dame ni har na je na tambayi Malam na masallacinmu. Ya ce, Hajiya, akwai gunki a ɗakin? Na ce an ce babu. Ya ce ana yi wa wani sujada? Na ce babu. Ya ce, to numfashi ai Allah ne ya ba ki, je ki ja abinki.

Na je da hijabina har ƙasa da wando a ƙarƙashin zane. Na tarar da Larabawa, da 'yan Mali, da wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi da ke naɗe ƙafa sai ka ce ba ƙashi a jikinta. Yarinyar ta ce kowa ya zauna a kan tapi, 'yar shimfiɗar roba, ya ɗora hannu a ciki, ya ja iska ta hanci har hannun ya ɗaga. Nawa hannun ko motsi. Kafaɗuna ne ke hawa suna sauka. Ashe duk shekarun nan a wuya nake numfashi, kamar mai jiran a buga ƙofa da mugun labari. Ta zo ta danna mini kafaɗu ƙasa, a gaban mutane, ba ko kunya, ta ce, Mama, ki bar iskar ta sauka. Da ta sauka sai na ji hawaye, ban san daga ina ba.

Daga baya aka ce a zauna shiru a bi numfashi da hankali. Nawa hankalin ya tafi miyar da na bari a firijo, ya tafi tikitin jirgin metiro, ya tafi maganar da wata ta faɗa mini a wurin aiki da amsar da ya kamata in ba ta. Yarinyar ta ce ba laifi, in ya tafi a jawo shi a hankali, ba a dukansa. A ƙarshe aka ce mu kwanta mu saki jiki. Ni na saki har da minshari, Baturiyar nan ce ta tashe ni tana dariya. Amma jiki magayi. Ba a daɗe ba na fara ɗaure takalmi ba tare da na kira sunan Allah da ƙarfi ba. Har yau in na idar da sallar asuba ina naɗe darduma in shimfiɗa tapi, in miƙe baya, in ja numfashina kafin garin ya fara hayaniya. Ina jin daɗin wannan lokacin ƙwarai, kuma faɗana ya ragu, ko da yake mutanen gidana za su musa.

Ana cikin haka yarinyar ta kawo miji, ɗan mutanen Maraɗi, yaro mai hankali. Aka sa biki farkon lokacin zafi. Ina zaune ta kira Lyon ta buɗe murya, ta ce, Inna, ke za ki yi mini guɗa. Yaya ta ce, ɗiyata, ai akwai Hajiyar Cadi maƙwabciyata, muryarta ba laifi, kuma an ce masu kiɗan yanzu har guɗa gare su a cikin na'ura. Yarinyar ta ce, in ba ke ba, to a kai ni shiru.

Na san taurin kanta, kuma na san inda ta gado shi. Amarya ta fita ba guɗa, sai ka ce sato ta aka yi? Ni kuwa ba zan iya ba ko da ina da muryar. Uwa ba ta yi wa ɗiyar fari guɗa, a ranar ma ɓuya take yi. Abin da ya fi damuna shi ne Yaya. Na san in aka kai wannan yarinya ba muryarta, to ta gama fita cikin mutane ke nan, za ta zauna a saman benen nan har ranar da za a sauko da ita.

Yarinyar ta ce za ta dawo mata da ƙirjinta. Lokotoron Yaya na asibiti ma dama ya ce ta dinga motsa huhu. Suka fara darasi ta bidiyo kowace safiya, daidai shigowar sanyi. Yaya ba ta iya riƙe salula ba, kullum hancinta kawai muke gani da rabin ɗankwali. Da aka zo na toshe hanci ɗaya a ja da ɗaya, ta ce, wannan kuma ai gidana aka zo, mun riga Indiyawa kama hanci. Da aka zo na rufe baki a fitar da iska ana guna kamar zuma, ta ce ko kunya ba ma ji, tsofai-tsofai da mu. Amma tana yi. Yaya in ta ɗauki abu ba ta yi masa riƙon sakainar kashi, ko rana ɗaya ba ta tsallake ba.

Sai dai tari ya ƙaru. Sati ya bi sati, maimakon gaba sai baya. Tana fara jan numfashi mai zurfi sai tari ya turnuƙe ta har idanunta su yi ja. Lokotoro ya canza mata abin shaƙa, ba a ga canji ba. Wata safiya ta ce, abin nan naku bai karɓi jinina ba, shi zai ƙarasa ni. Yarinyar ta ajiye salula ta shiga ɗaki tana kuka. Na ce a raina zuwa da kai ya fi aike. Na ɗauki hutu a wurin aiki na hau jirgi zuwa Lyon.

Tun daga bakin asansar na san na iso. Ƙamshin turaren wutar Yaya ya cika baranda har ƙofar maƙwabta, sandal da kajiji da farce, haɗin da mahaifiyarmu ta koya mata ita kaɗai don ni ba ni da haƙurin tsayawa kan sukari. Na tsaya na shaƙa, wallahi har na ji kamar in na tura ƙofa zan ga tsakar gidanmu. Muka gaisa, ina gajiya, ina sanyi, ina mutan Paris, yaya jiki. Ta ce da sauƙi, tana faɗa tana haki. Ta rame. Muka ci tuwo muka kwanta.

Da safe bayan salla ta ce in gafarta mata, lokacin ɗiyarta ya kusa. Ina zaune a kujera ina kallo. Ta bi tagogi ta ƙara danne su. Ta naɗe wani tsohon zane ta toshe ƙarƙashin ƙofa. Ta shiga kicin ta ɗora gawayi a kan gas har ya yi ja, ta juye a kasko, ta kawo tsakiyar ɗaki, ta buɗe kwalba ta zuba turare cikin hannu guda. Hayaƙi ya tashi ya murtuke har na daina ganin agogon bango sosai. Sannan ta shimfiɗa tapi dab da kaskon, ta zauna ta naɗe ƙafa, ta jingina salula da kofi, ta ɗora hannu a ciki.

Idona na ruwa na ɗaga kai sama. Na'urar nan da ake mannawa a silin, mai ihu in ta ji hayaƙi, an sa mata safa. Safar ƙafa, ruwan toka, an ɗaure bakinta da roba.

Na ce, innalillahi! Yaya, mene ne wancan?

Ta ce, ai ita ce ke damuna da kuka, har maƙwabta suka taɓa kiran 'yan pompiye masu kashe gobara. Ɗan Hajiyar Cadi ya hau kujera ya rufe mini bakinta.

Na ce, kullum haka kike yi kafin darasi?

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko tana alwala kafin salla. Ta ce, to da yaya zan yi? Ɗiyata za ta shigo mini ɗaki, in tarbe ta da warin albasar jiya? Kuma wanke ƙirji aka ce za a yi. Wa ke zama yin abu mai muhimmanci a ɗakin da ba a turara ba?

Kai, ranar bakina ya samu aiki. Na ce, ɗiyarki a salula take shigowa, salula tana da hanci ne? Mutum ya fito daga bakin kabari da rabin huhu, ya rufe taga, ya toshe ƙofa, ya zauna kan hayaƙi yana ja har cikin cibiya, sannan ya ce yoga ce ke kashe shi! Da can da maraice kawai take ɗan sa turaren, tana kai da kawo a gida. Tun da aka fara darasi ta mayar da shi kowace safiya, ta ninka, kuma aka koya mata yadda za ta kai shi ƙasan huhu. Na ce, lokotoro bai tambaye ki hayaƙi ba? Ta ce ya tambaye ta ko tana shan sigari, ta ce masa a'uzubillahi, kuma saura kaɗan ta canza lokotoro. A wurinmu turare ba hayaƙi ba ne. A cikinsa aka haife mu, da shi aka gasa mana jiki ranar aure, ba wanda zai tuna ya ambace shi a asibiti.

Na sunkuci kaskon zan kai balko, 'yar barandar waje, ta riƙe mini zane. Kaskon mahaifiyarmu ne, na ƙasar Mirya, baƙi ƙirin don tsufa, a cikin zannuwa Yaya ta naɗo shi ta hawo jirgi da shi. Ta ce, Auta, ƙirjina ya tafi, biki ya tafi, yanzu ƙamshin gidanmu ma za ku ƙwace? Gidan da ba turare ai asibiti ne. Ta fashe da kuka, kukan ya koma tari. Tausayinta ya kama ni har na bar faɗan. Na ce, Yaya, ki zaɓa, ko kasko ko guɗar ɗiyarki. Ta saki zanen.

Daidai nan salula ta yi ƙara. Na ɗauka na juya ta, na nuna wa yarinyar hayaƙin, na nuna mata safar. Ta dafe kai ta yi ta zuba Faransanci kamar an ɓalle famfo, Yaya na cewa a gaya mata ta yi Hausa in zagi ne ta ji. Na wangale taga. Sanyin Lyon ya shigo ya mare mu. Na jawo bargo biyu, na lulluɓa mata ɗaya na lulluɓa ɗaya, muka zauna gefe da gefe a ƙasa, haƙora na kaɗawa, muka yi darasin ranar a haka. Ta yi tari, amma ta kai ƙarshe.

Kafin in koma na raka ta wurin lokotoro na faɗa masa komai da Faransancina na kicin. Bawan Allah ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Ya ce ko kaɗan kada ta ƙara. Muka wanke labule da zannuwan gado, ruwan ya fita kamar shayi. Na hau kujera da kaina na cire safar. A kan turare kuwa sai da aka yi ciniki, don Yaya ba a yi mata dole. Aka tsaya a kan ranar Juma'a Hajiyar Cadi za ta kunna kaskon a balko, ta rataya tufafin Yaya a kai, a rufe ƙofar gilashi, ita tana ciki tana kallo. In hayaƙi ya mutu, iska ta bi ta kai, a shigo da kayan. Ta ce wannan turaren marayu ne, amma ta karɓa.

Sannu ba ta hana zuwa. Tarin ya fara ja da baya. Darasi ya ci gaba, taga a buɗe, Yaya cikin bargo da hular sanyi a kan ɗankwali. Yarinyar ta ƙara mata miƙe hannuwa sama da buɗe kafaɗu, da zama shiru bayan an gama, wanda Yaya ta ce shi ta fi so don ba ya bukatar ƙashi. Ta fara sauka tana zagaya filin da ke tsakanin benaye ita da Hajiyar Cadi. Ta fara fita daga asansar kafin a kai hawanta ta ƙarasa da ƙafa. Lokacin da itatuwa suka fara toho ta kira ni wata safiya, ba sallama ba gaisuwa, ta karanta mini Fatiha daga farko har amin ba ta tsaya ba, ta kashe salula.

Muka ce to ta gwada guɗar mu ji. Ta ce a'a. Guɗa ba a yin ta a banza, ba a yi wa bango, sai da amarya ko jariri a gaba. Muka roƙa, yarinyar ta ce ko a banɗaki ne ta rufe ƙofa. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa gwajin guɗa ba. Haka muka shiga watan biki, ba wanda ya san ko guɗar tana nan ko ta tafi, har ita kanta.

An yi bikin a wani zaure da muka kama haya a La Courneuve. Ni ina kicin ɗin baya cikin tukwane, inda uwar amarya ta dace, ina yi wa masu rabon abinci faɗa don in samu abin yi da kaina. Yaya ce uwar biki, tana gaba cikin leshi ruwan goro. Kaskon ta sa shi cikin kayan ɗakin amarya, ta ce da sharaɗin a balko za a kunna. Da yamma, rana ba ta ko faɗi ba, aka lulluɓe yarinyar za a fita da ita zuwa mota. Aka ce wa mai kiɗa ya kashe. Zauren ya yi tsit.

Ƙofar kicin tana da ɗan gilashi, ta nan na leƙa. Yaya ta miƙe ta tsaya bayan amarya. Ba ta kai hannu hanci ba, a ciki ta ɗora shi, ta rufe ido. Na ga leshin yana ɗagawa a hankali yana sauka. Mutane suka fara duban juna, wata ta ce a kawo mata kujera. Hajiyar Cadi ta riga ta kai yatsu hanci tana jiran a yi mata alama. Ƙawayen amarya suka ɗan ja ta su tafi, ta kafe ƙafa a ƙasa ba ta motsa ba. Ni ma na tarar da hannuna a kan cikina, ludayi a ɗaya hannun, ina ja tare da Yaya, kafaɗu ƙasa, iska har cibiya.

Sai ta kama hanci.

Guɗar ta fito siririya da farko, tana ɗan rawa, har na ce wayyo Allah. Sannan ta miƙe, ta hau, ta cika zauren har ta shigo kicin ta same ni. Ina sakin nawa numfashin tare da ita, a hankali, yadda aka koya mana. Nawa ya ƙare, ni mai huhu biyu lafiyayyu, na buɗe baki na ja wani, ita ba ta tsaya ba. Sai da ta kai inda take kaiwa a Damagaram ta karya ta da kanta, sannan sauran mata suka ɗauka, zauren ya kaure. Na ga lulluɓin amarya yana girgiza, ta juya ta faɗa jikin Innarta, aka fita da su tare.

Bayan motoci sun tafi Yaya ta turo ƙofar kicin. Tana haki, gumi ya jiƙa mata goshi, tana dariya. Ta zauna a kan buhun shinkafa ta ce, Auta, ba ni ruwa. Na ɗebo. Ta ce, kin ji? Na kai miki ita.

Ni da aka ba baki a gidanmu, na nemi magana na rasa. Na miƙa mata kofin, na je na buɗe taga.